Fil a Baki

A gidanmu ba a sauraron mutum da baki a rufe. In Inna ta ɗauko labari, aikin mutum biyu ne, ita ta jefo, ke ki cafe. Ta ce, "Sai ga matar nan ta shigo," ki ce, "To." Ta ce, "Ko sallama babu," ki ce, "Kai!" Ta ce, "Ta nufi ɗakina kai tsaye," ki ce, "Iye? Ɗakinki fa?" In kika yi sakaci kika bar gurbi ɗaya ba ki cike ba, sai ta tsaya cak ta ce, "Da bango nake magana ne?"

Duk cikin 'ya'yanta ni na fi iya wannan aiki, ba yabon kai ba. Aku take ce mini tun ina ƙarama, saboda bakina ba ya hutawa. Ko labarin da na sha ji ta sake ɗaukowa, zan zaro ido in ce "Ashe!" kamar yau na fara jin sa, ita kuma ta san na sani, amma daɗi yake mata. Da idonta ya fara yin hazo, har ta daina gane fuska sai an matso kusa, kunne ya zama shi ne idonta. Da murya take sanin wanda ke zaune da ita da zuciya ɗaya da wanda ke jira ta gama ya tashi.

Sai aure ya ɗauke ni ya kai ni wata ƙasa mai nisa, inda maigidana yake tuƙin babbar mota. Ya riga ni zuwa da shekaru masu yawa. Mutumin kirki ne, ba zan ci zalinsa ba, amma ranar da na fara ba shi labarin tafiyata na lura da wani abu. Ina zuba, yana kallona kawai. Na kai wurin da jakata ta ɓace, wurin da ko kurma zai ce "Subhanallahi", bawan Allah nan ko uffan. Na ce masa, "Maigida, bakinka haya aka ba ka ne kake tattalinsa?" Ya yi murmushi ya ce ai yana ji na. Na daɗe ina tsokanarsa da wannan, ban san dariyar kaina nake yi ba.

Da yake na iya keken ɗinki tun a gida, na samu aiki a wani ɗan shagon gyaran tufafi da ke tsakanin kantin magani da wurin aski. Ba ma ɗinka sabo. Rage tsawon wando, sa zif, matse ƙugu, sake shafin kwat, irin waɗannan. A gaba akwai kanta, inda ake karɓar kaya, da dogon madubi da labulen gwaji, a baya kuma kekuna biyu da teburin yanka da dutsen guga mai tururi. Mai shagon doguwar mace ce, ta manyanta, tana rataye tabarau da igiya a wuya. Ba ta da hayaniya, ba ta da mugunta, kuma idonta yana ganin karkataccen ɗinki daga bakin ƙofa.

Yarensu bai ba ni wuya sosai ba, aku ce ni ai. Kafin a jima na iya awo da ciniki da ba da haƙuri, har mai shago ta fara bar mini kanta in tana baya. Wallahi na so kantar nan. Gida shiru, maigida yana kan hanya kwana da kwanaki, maƙwabta kowa ya rufe ƙofarsa. A kanta kaɗai nake samun mutum ya buɗe baki ya yi mini magana mai tsawo.

Wata safiya wata tsohuwa ta shigo da kwat a rungume, baƙa, ta maza, mai nauyi. Ta shimfiɗa ta a kanta tana shafawa, ta ce ta mijinta ce, ya rasu bai daɗe ba, so take a rage ta yi mata daidai.

Na ce, "Ayya."

Ta ce shi dogo ne, ita kuma ga ta.

Na ce, "Allah sarki. Wayyo."

Sai ta tsaya ta dube ni da kyau. Ta ce, "Wani wuri ke miki ciwo?"

Na ce a'a, lafiyata ƙalau, ta ci gaba. Ta ci gaba, ni ma na ci gaba da aikina, ina "to", ina "mhm", ina "haka ne", ina bin ta ƙafa da ƙafa yadda zan bi Inna. A raina cewa nake yau tsohuwar nan ta samu mai tausaya mata. Ban ankara ba na ga tana naɗe kwat ɗin. Ta ce, a hankali kuwa, ba da faɗa ba, "Na ga kina sauri. Zan dawo ranar da kike da lokaci." Ta fita, ƙararrawar ƙofa ta yi ƙara a bayanta.

Sauri? Ni da shagon ba kowa, ni da zan iya zama da ita har yamma!

Mai shago ta fito daga baya, ta cire tabarau ta bar shi yana lilo. Ta ce ta daɗe tana son yi mini wannan magana, ba ta san ta inda za ta fara ba. Ta ce a nan in mutum yana magana ka dinga jefa murya, ce masa kake yi ya gaggauta, ko kuma ka riga ka san abin da zai faɗa, ba sai ya ƙarasa ba.

Na ce, "Mu kuwa in ka yi gum, ce masa kake yi maganarsa ba ta kai a amsa ba."

Ta ce ta yarda, amma masu shigowa shagon nan ba mutanenmu ba ne.

Na ce, "To ta yaya mai magana zai san ana jin sa?"

Ta nuna idonta da yatsa. Ta ce in kalli mutum, in bar masa filin duka, in ya gama zan sani. Ta ce wannan ba shi ne na farko da aka yi mata ƙorafi ba, wani ma cewa ya yi ina gurnani. Gurnani! In abin ba zai yiwu ba, in ji ta, sai in koma baya wurin keke, ita ta riƙe kanta, ba wani abu ba ne.

A wurinta ne ba wani abu ba ne. Ni kuwa na koma gida ranar raina a ɓace, ina ta faɗa da tukwane. Washegari na ɗaura niyyar yin shiru, amma ina! Abin ba a baki yake ba, a jini yake. Mutum zai ce zif ɗinsa ya lalace ana gobe tafiya, kafin in kama kaina "Kash!" ta riga ta fita.

Dabarar ta zo mini ne ina durƙushe ina kama ƙafar wandon wani mutum. Duk tela ya san inda ake ajiye fil in hannu biyu suna aiki, tsakanin leɓɓa. Mutumin yana ta bayani a samana, ni kuma ban ce ƙala ba, don in na buɗe baki zan haɗiye ƙarfe. Da ya tafi ya yi godiya har da ɗaga hula. Na ce a raina, to, an zo wurin. Daga ranar, da na ji ƙararrawar ƙofa sai in ɗauki fil ɗaya in maƙale a baki, ko da ba abin da zan kama.

Tsohuwa mai kwat ta dawo, Allah Ya saka mata. Na tarbe ta da fil ɗina. Ta shimfiɗa kwat ɗin ta fara bayani, ta yi shiru, ina kallonta, "ayya" tana tafasa a maƙogwarona. Shirun ya yi tsawo har na ji kunya ta kama ni. Sai ta sa hannu cikin aljihun hagu, ta ce a rage ko'ina amma kada a taɓa wannan. Ta ce in suna tafiya cikin sanyi, hannunta yake kamawa ya sa a nan tare da nasa, shi ya sa bakin aljihun ya saki. A bar shi a sake.

Gaskiya ɗaya ce, ko da ba ta yi mini daɗi ba. Da na cika wancan shirun da "Allah sarki", da ba ta kai ga aljihun ba, da na matse shi tsaf na ɓata mata abin da ta zo adanawa. Ranar na yarda mutanen nan ba taurin zuciya gare su ba, sauraronsu ne daban. Na riƙe kanta, mai shago ta daina leƙowa, har wasu suka fara tambaya ta in ba na nan. A hankali na daina buƙatar fil ɗin ma. Leɓɓana suka koyi zama a haɗe da kansu.

Duk wannan lokaci ina kiran Inna a hutun rana, sau ɗaya a mako, ranar da aiki ya yi sauƙi. A ɗakin baya nake zama, in jingina waya da gwangwanin maɓallai, in buɗe murya, hannuna yana kan aiki. Ƙanwarmu Auta ce ke riƙe mata wayar a can. Da farko hutun ba ya isar mu. Inna takan tara mini labarai kamar mai tara wanki: wanda ya haihu, wanda ya yi faɗa da surukarsa, akuyar maƙwabta da ta cinye mata shuka. Ban san ranar da abin ya fara canzawa ba. Na dai san ta fara yawan tsayawa a tsakiyar magana.

"Aku, kina nan?"

"Ina nan, Inna."

"Na ɗauka layin ya yanke."

"Bai yanke ba, ina jin ki."

Sai ta ci gaba kaɗan, ta sake tsayawa. "Auta, duba mini abin nan, ko ya mutu." Mu duka muka ɗora wa layi laifi, layin da bai san hawa ba bai san sauka ba. Ni a wurina sauraro nake yi da dukan zuciyata, har kallon wayar nake yi cikin ido, kamar tana ganina. Labaran suka dinga gajarcewa. Daga baya ya zama gaisuwa kawai: ya aiki, ya sanyi, ya maigidan naki, Allah Ya yi albarka, ga ƙanwarki. Na ce tsufa ne, ta fara gajiya da surutu.

Auta ce ta fasa mini ƙwan. Wata rana bayan Inna ta miƙa mata wayar, na ji takunta tana fita tsakar gida, ta rage murya.

"Yaya, me ya haɗa ki da Inna?"

"Ni? Me ta ce?"

"Ba ta ce komai ba, shi ne abin. Da, in abu ya faru a unguwa, sai ta ce wannan na Aku ne, kada wanda ya riga ta gaya miki. Har maimaitawa take yi ita kaɗai don kada ta manta. Yanzu rufin ɗakin girki ya rufta, da ƙyar Allah Ya tsare, na ce za ki sha labari, sai ta ce a bar ki. Wai kin girma da surutun tsofaffi, kunya ce kawai ta hana ki faɗa."

Na ji kamar an watsa mini ruwan sanyi. Ni? Ni ce na girma da labarin Inna? Ni da nake ƙirga kwanaki in ji muryarta, ni da nake bin tsofaffin mata da ido a tashar mota in na ga mai irin tafiyarta? Na yi wa Auta masifa ba laifinta, na ce ita ce ba ta iya riƙe waya ba. Ta ce, "Yaya, wayar lafiya take. Ke ce ba kya amsawa." Na kashe na zauna ina kallon gwangwanin maɓallai.

Kira na gaba na shirya masa kamar mai zuwa jarrabawa. Na ture aiki gefe, na tattara fil na rufe a aljihun tebur, na gyara zama. Na roƙi Inna ta ba ni labarin rufin. Ta yi ɗan jan aji, sannan ta fara.

"Da hantsi ne, na aiki yarinyar nan ta ɗauko mini..."

"To! To!"

"...ta ɗauko mini butata."

"Kai!"

Ta ɗan dakata. Me ke cikin buta na cewa "Kai"? Ta ci gaba, ni kuma ina zaune a ɗarare ina laluben gurbi kamar mai neman ramin allura a duhu. Inda ya kamata in shiga sai in makara, inda bai kamata ba sai in faɗa da ƙarfi. Ta kai wurin da katakon ya faɗo daidai inda take zama kullum, wurin da dā zan dafe ƙirji in yi salati, sai na ji bakina ya ce, "Haka ne."

Inna ta yi 'yar dariya, irin wadda ba ta kai ciki ba. Ta ce, "Aku, wannan 'to' ɗin ba naki ba ne. Aro kika yi?"

"Inna..."

"Bar shi, 'yar nan, kada ki wahalar da kanki. Rufi dai an gyara. Ga ƙanwarki."

Da yamma maigida ya dawo daga tafiya. Na zuba masa shayi na ce ya ba ni labarin hanya, ko mene ne. Ya yi mamaki, amma ya fara bayanin wata taya da ta yi masa faci a kan gada. Ina "iye", ina "ashe", ina gwada bakina a kansa. Ya ajiye kofi ya ce, "Lafiya kuwa? Wani wuri ke miki ciwo?"

Da wata rana ce da na yi dariya har na faɗi. Ranar kuka ya zo. Na gaya masa komai. Ya daɗe yana juya kofin a hannu, sannan ya ce shi ma bai san ranar da nasa ya tafi ba. Ya ce tsohuwarsa har ta koma ga Allah tana tambayar 'yan'uwansa laifin da ta yi masa, shi kuma bai gane abin da take nufi ba sai da na zo gidan nan ina tsokanarsa. Tunda muka yi aure bai taɓa yi mini magana mai tsawon wannan ba. Tsoro ya kama ni sosai, don Inna ba yarinya ba ce.

Kwanakin da suka biyo baya aikina ya lalace. Na ɗinke hannun wata riga a bai-bai, na zauna ina farkewa ina tsaki. Mai shago ta jawo kujera ta zauna kusa da ni, ta tambayi abin da ke damuna. Na fara faɗa mata, tana kallona ta saman tabarau, shiru, shiru, har abin ya ƙule ni.

Na ce, "Ki ce wani abu mana, don Allah! Ke kika jawo mini wannan!"

Ba ta ji haushi ba. Ta ce, "Jira nake ki gama."

"Na gama!"

Ta ce, "Mahaifiyarki ta san da fil ɗin?"

Inna ba ta san da fil ba. Ba ta san da tsohuwa mai kwat ba, ba ta san an ce ina gurnani ba, ba ta san ƙofofin maƙwabta a rufe suke ba. Tun zuwana, in ta ce ya can, amsa ɗaya nake ba ta: lafiya lau, Inna, komai lafiya. Don kada ta damu. Ita ke kawo labari, ni ba na kai mata komai sai "to" ɗina, shi ma ga shi ya tafi.

Mai shago ta miƙe, ta dafa kafaɗata, ta tattaro duk ƙoƙarinta ta ce, "Tuu." Wai "to" take nufi. Ba a wurinsa ta sa shi ba, kuma kamar kukan tantabara ya fito, amma na gode mata.

Washegari da hutun rana na rufe ƙofar baya na kira. Bayan gaisuwa na ji Inna tana shirin cewa ga ƙanwarki, sai na tare ta.

"Inna, tsaya. Yau ni ke da labari."

"Ke?"

"Ni. Wata tsohuwa ce ta shigo shagonmu da kwat ɗin mijinta."

"To."

Wayyo Allah. Ƙaramar kalma, ta faɗo daidai wurinta kamar maɓalli a raminsa. Na ci gaba.

"Mijin ya rasu."

"Allah sarki."

"Ina tausaya mata, ina cewa ayya, sai ta tambaye ni ko ciwo nake yi."

"Iye? Ciwo kuma?"

"Ta naɗe kayanta ta fita, wai ina korar ta."

"Kai! Kai! Kai! Daga ayya?"

"Daga ayya, Inna."

Na ba ta labarin mai shago da tabaraunta, da mutumin da ya ce ina gurnani. A nan ta yi dariya har da tari, dariyar gaske, ta kira Auta ta zo ta ji. Na ba ta labarin fil, ta yi salati ta ce in na haɗiye fa? Na gaya mata zancen aljihun hagu, ta ce, "Ayya, baiwar Allah, ashe dai suna da zuciya." Ina magana tana tafe da ni, ba ta bar gurbi ko ɗaya ba. Na manta yadda abin yake. Na manta cewa labari yana da sauƙin ɗauka in mutum biyu suka kama shi. Na gaya mata yadda bakina ya saba da rufuwa har ya manta hanyar gida, na ce ban taɓa gajiya da muryarta ba, ko sau ɗaya, kallon wayar nake yi in tana magana don haka aka koya mini a nan.

Ta ce, "Tsaya, Aku. Su duka haka suke?"

"Su duka."

"Maigidan naki fa?"

"Nasa ya riga nawa tafiya."

"Kina nufin tunda kika je ƙasar nan, in kina magana, ba mai ce miki 'to'?"

"Babu, Inna."

Sai shiru. Na jira. Ban ji tari ba, ban ji motsin Auta ba, ban ji komai ba sai tururin dutsen guga a bayana. Na ɗauki wayar na duba, lokaci yana tafiya, layi bai yanke ba.

"Inna? Inna, kina nan?"

"Ina nan," ta ce, muryarta ta sauya. "Irin nasu nake gwadawa. So nake in ji inda 'yata take zaune."



"Ba daɗi," ta ce. "Ko kaɗan ba daɗi. Ni ina nan ina fushi an hana ni 'to' na kwana ɗaya a mako, ashe ke kullum ne." Ta ja hanci, ta yi gyaran murya irin tata ta in za a fara aiki. "To, ci gaba. Sai aka yi yaya?"

Labarina ya riga ya ƙare, ba abin da ya rage. Na waiga ina neman abin faɗa, idona ya sauka kan wani wando da ke rataye a ƙusa. Ƙararrawar ƙofa ta yi ƙara a gaba, na ji mai shago ta tashi da kanta ta nufi gaban shago, ba ta kira ni ba.

Na ce, "Akwai wani wando a nan, Inna."

"To."

"Ruwan toka ne."

"Ashe."

"Ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo."

"Kai! Garin yaya?"

Ban san garin yaya ba. Na share fuskata da bayan hannu, na jawo kujera kusa da wayar, na fara ƙirƙiro wa wandon nan tarihi tun daga ranar da aka saye shi.